Zauren Kawu: Na rubuta labarin Ma'aikatar Tagogi, oga ya ba ni kweri

TAMBAYA

Salamu alaikum Kawu, barka da ƙoƙari, ya iyali ya jikoki. Dan Allah ka ɓoye sunana saboda maganar da zafinta yanzu haka. Ni ma'aikaci ne a wata hukuma ta gwamnatin tarayya nan Abuja, mataki na 8, daga Nyanya nake tasowa da an sallame asuba saboda gosulon hanya, in zo in sa hannu a rajista, toh daga nan fa Kawu aikin ranar ya ƙare sai danna waya da musun ƙwallo har a kira la'asar. Zaman ne ya ishe ni na fara rubuce-rubuce a waya, har na haɗa wani ɗan labari na barkwanci.

A labarin wani sarki ne ya rantse ba za a ƙara ganin mai zaman kashe wando a ƙasarsa ba, sai ya kafa Ma'aikatar Tagogi ya ɗebi kowa da kowa aiki. Sashe ɗaya aikinsu buɗe taga, ɗayan rufe taga, na ukun su ƙirga sau nawa aka buɗe sau nawa aka rufe su kai rahoto sama. 'Yan buɗewa suna kiran 'yan rufewa maƙiya ci gaba, su kuma 'yan rufewa suna cewa ba don su ba da ƙurar hunturu ta cinye fayilolin ƙasa, ba sa ga maciji, ko masallaci ɗaya ba sa bi. Ran nan 'yan rufewa suka tafi yajin aiki, 'yan buɗewa suka yi murna suka buɗe tagogin duka, washegari suka zo babu abun buɗewa, kwana uku sai ga su a titi da kwalaye suna zanga-zangar a biya wa abokan gabarsu buƙatunsu su dawo. Daga baya aka mayar da ma'aikatar sabon gini na gilas wanda ko taga ɗaya ba ya da ita, aka kafa kwamiti, kwamiti ya ce a dinga zana taga da alli a bango ana gogewa, sai sabuwar rigima ta ɓarke kan wane sashe ne zai riƙe allin. Wani tsohon masinja ya ce jama'a wai me zai hana kowa ya je ya yi noma, aka kore shi da laifin zagon ƙasa.

Na tura a guruf ɗin WhatsApp na ofis kowa na ta dariya, ashe wani ya yi sikirinshot ya kai wa darakta, shi kuma dama yana da ɗabi'ar ba ya taɓa buɗe tagar ofishinsa da kansa sai ya danna ƙararrawa masinja ya zo. Yanzu dai ya ba ni kweri, wato takardar tuhuma da sai na amsa a rubuce, wai na ci mutuncin shugabanni na zubar da ƙimar hukuma. Kawu ya zan amsa, kuma wai na yi ƙari da yawa ne a labarin kamar yadda wasu ke cewa, ko in haƙura da rubutun nan kawai?

Daga wani ɗanka a Nyanya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Wurin zanga-zangar nan na 'yan buɗewa na yi dariya har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Amma bari mu fara da kwerin tunda shi ke da wa'adi.

Ka amsa shi a rubuce cikin lokacin da aka sa maka a takardar, kar ka ƙara ko awa ɗaya, don rashin amsawa laifi ne mai zaman kansa kuma wani lokacin ya fi na farkon nauyi. Ka rubuta gajere, da ladabi, ba barkwanci ba gatse, wannan basirar taka ka ajiye ta a gida ranar. Kar ka yi musun kai ka rubuta, sikirinshot na hannunsu. Ka ce ƙagaggen labari ne, babu sunan kowa babu sunan hukuma a ciki, ba ka nufi wani mutum ba, kuma ka ba da haƙuri kan sa shi a guruf ɗin aiki. Ka yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya buga maka hatimi da kwanan wata a naka ka adana. Ka sanar da wakilin ƙungiyar ma'aikata na wurinku tun yanzu ba sai abu ya lalace ba. Ka kuma sani dokokin aikin gwamnati sun taƙaita wa ma'aikaci wallafa abun da ke sukar jami'i ko gwamnati ba da izini ba, saboda haka kar wani aboki ya zuga ka wai ai 'yancin faɗin albarkacin baki ne ka tsaya ka ja, shi ba albashinsa ne a kan layi ba. Bayan takarda ta shiga, ka samu wani dattijo a ofis wanda darakta ke jin nauyinsa ya raka ka ku gaishe shi. Yawancin kweri irin wannan a nan yake mutuwa.

Shi kuma darakta, toh, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma kai ma ɗana tsakaninka da Allah, duk abubuwan duniya ka rasa me za ka zaɓa sai taga, alhali kana jin ƙararrawar nan kullum? Gugar zanar ta yi kusa da yawa. Dubi 'yan tashe da azumi, yara za su kwaikwayi tsoho mai gemu, su kwaikwayi mai rowa, su tsokani gwauro, 'yan kama su kwaikwayi malami yana wa'azi a kan tuwo da miya, kowa ya yi dariya har wanda abun ya shafa, saboda hali ake tsokana ba a nuna mutum ɗaya da yatsa a gaban yaransa. Kai kuma ka kai naka har cikin guruf ɗin da masinjansa ma yana ciki.

Maganar ƙari kuwa, ba ka yi ba, in ma akwai abun cewa ragi ka yi. A 1955 wani Bature masanin tarihi, Northcote Parkinson, ya yi wani rubutu na shaguɓe a mujallar The Economist kan yadda ofisoshin gwamnati ke kumbura, kuma da alƙaluman gaske ya yi shaguɓen nasa. Ya nuna manyan jiragen ruwan yaƙin Ingila sun ragu daga 62 a 1914 zuwa 20 a 1928, amma jami'an ofishin da ke kula da su suka ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. Ofishin da ke kula da ƙasashen da suka yi wa mulkin mallaka, wanda mu ma a ƙarƙashinsa muke a lokacin, yana da ma'aikata 372 a 1935, ya kai 1,661 a 1954, daidai lokacin da daular tasu ta kama hanyar wargajewa. Dalilin da ya kawo biyu ne kuma duk wanda ya taɓa zama a sakatariya ya san su, babba yana son a ƙara masa yara a ƙarƙashinsa amma ba ya son a kawo masa kishiya, sannan jami'ai su ke ƙirƙira wa junansu aiki, wannan ya rubuta wancan ya duba na uku ya sa hannu cewa an duba. Ka ga sashenka na ƙirga kenan.

Mu dawo gida. Kwamitin Stephen Oronsaye ya miƙa wa shugaba Jonathan rahoto a 2012, ya ƙirga hukumomi da cibiyoyin gwamnatin tarayya 541, ya ce a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161, a soke wasu a haɗe wasu saboda aiki ɗaya suke yi. Me ya biyo baya? Aka kafa kwamitin duba rahoton, gwamnati ta canja aka kafa wasu kwamitocin su duba abun da aka duba, a tsakanin nan kuma ana ta haifar sababbin hukumomi, sai a Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta ce ta amince a aiwatar. Da kai ka rubuta wannan a labarinka, wato rahoton rage hukumomi ya haifi kwamitoci, da an ce ka cika ƙari.

Kar ka bar rubutu. Sai dai tunda ka tambaye ni bari in faɗa maka inda labarin ya yi rauni. Ka mayar da ma'aikatan wawaye, kuma ba wawaye ba ne. Mai rufe tagar nan ya san aikin baban giwa yake yi, ya fi tsohon masinjanka sani, amma yana da kuɗin haya a Mararaba da kuɗin makarantar yara da mahaifiya mai hawan jini a gida, in an gane aikinsa ba ya da amfani shi za a fara sallama, shi ya sa yake kare tagar da rantsuwa da jijiyar wuya. Ka ba mu shi da daddare yana lissafin albashi, ka ba mu daraktansu ma yana tsoron ranar da minista zai tambaye shi me kuke yi a nan. In ka yi haka mai karatu zai yi dariya kuma cikinsa ya ɗuri ruwa. Masinjan nan mai wa'azin noma kuwa ni da za ka ji tawa ka cire shi, ko ka sa bayan an kore shi a ɗauki mutum uku su maye gurbinsa. Mai karatu ya riga ya gane, ba ya buƙatar wani ya tashi ya yi masa tafsiri. Kuma na gaba kar ka sa a guruf ɗin ofis.

TAMBAYA

Kawu ina wuni. Ni dai gaskiya raina ɓace yake. Na gama digiri na yi bautar ƙasa, ina gida a Gwagwalada ba aiki sai ɗan soye-soye da nake sayarwa ta waya. Yayana kuma kullum ya dawo daga ofis sai ƙorafi wai ba a ba shi aikin yi zaman banza yake, alhali ƙarshen wata alat na shigowa. Haba Kawu, wannan ba butulci ba ne? Ni a ba ni kujerar mana in zauna har in tsufa. Kuma me zai hana gwamnati ta ɗauki kowa aiki kawai ko na share iska ne, a huta da matsalar rashin aikin yi?

Daga 'yarka a Gwagwalada

AMSA

Lafiya lau 'yata, Allah ya sa albarka a sana'ar. Ba zan ce ki daina jin haushi ba, wanda ke nema da wanda ya samu yana tsaki ba za su taɓa jin abu iri ɗaya ba, kuma ya kamata yayan naki ya dinga duba a gaban wa yake ƙorafin. Amma ba butulci yake ba. Mutum ya shekara goma yana zuwa wuri babu wanda zai lura in bai zo ba, abun da ya karanta yana zubewa, ba ya iya barin aikin saboda fansho ba ya kuma iya yin wani saboda dole ya sa hannu a rajista, wannan yana cin mutum a hankali. Ke in kin soya cincin wani ya ci ya sake kira, kin san kin yi wani abu yau.

Shawarar taki ta a ɗauki kowa kuwa manya sun riga ki. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila John Maynard Keynes ya rubuta a 1936, lokacin da duniya ke fama da karayar arziki, cewa ko gwamnati ta cusa takardun kuɗi a tsofaffin kwalabe ta binne a ramukan haƙar kwal da aka daina amfani da su ta bar mutane su tono, rashin aikin yi zai ragu, tunda mai tonon zai samu kuɗi ya yi cefane, mai shago ya samu ya sari kaya, abu ya zagaya. Sai dai masu kawo maganar tasa suna yawan manta ƙarshenta, shi da kansa ya ce gina gidaje da makamantansu ya fi hankali. Tsokanar gwamnatocin da suka naɗe hannu yake yi.

Waɗanda suka gwada abun da gaske su ne Tarayyar Sobiyet. A can kundin tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin aiki, a 1961 ma suka yi dokar hukunta masu zaman banza, har a 1964 aka gurfanar da wani matashin marubucin waƙoƙi Joseph Brodsky aka yanke masa shekara biyar na aikin dole a can arewacin ƙasar wai ba ya da aikin kirki, mutumin da daga baya ya ci kyautar Nobel a 1987. A takarda kowa na da aiki, amma masana'anta na tara ma'aikatan da ba ta buƙata, a shago sai ka bi layi ka zaɓi kaya, ka bi wani ka biya, ka dawo na uku ka karɓa, kayan ma ba su isa ba. Barkwancin da ma'aikatansu suka shahara da shi shi ne, su suna yi kamar suna biyanmu mu muna yi kamar muna aiki. A 1991 ƙasar ta wargaje. In an raba albashi babu abun da aka samar, kuɗi ne ke yawa kaya ba su ƙaru ba, ke da ke sayen fulawa da mai kin san me ke biyo baya.

Akwai ma hanya mafi sauƙi ta kawar da rashin aikin yi, ita ce a canja yadda ake ƙirgawa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, da ta dawo da sabon tsari a 2023 sai ga shi kashi 4.1 a watanni ukun farko na shekarar. Ba ƙarya suka yi ba, ma'aunin ƙungiyar ƙwadago ta duniya suka koma bi, wanda a cikinsa duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ne a sati mai aiki ne, alhali a da sai ka kai awa 20. Kenan 'yata a lissafin hukuma ke ma'aikaciya ce tuntuni, ina taya ki murna.

Abun da ke ba ni takaici shi ne mu ba mu kai matsayin da za mu ƙirƙiri aikin share iska ba, aikin gaske na nan jibge ba mai yi. Je ki firamaren ƙauyukan Kwali ko Abaji ki ga yara nawa ke gaban malami ɗaya, je ki ƙaramin asibiti da daddare ki nemi nas. Malaman firamare na Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu tun Yulin 2024, a gefe guda kuma kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka fara tun wajajen 1979 har yau ba a kunna babbar tanderunsa ba amma duk shekara da kuɗin albashinsa a kasafi. Ma'aikatan can ba su suka hana shi tashi ba, an ajiye su ne inda babu abun yi. Indiya a 2005 ta yi dokar ba kowane gida na karkara aikin kwana 100 a shekara in sun nema, amma aikin haƙa tafki ne da gyaran hanya da tare zaizaya, abun da in an tashi za a ga wurin. In za ki roƙi gwamnati ki roƙi irin wannan.

Kar kuma wani ya karanta ya ce toh a kori masu zaman ofis ɗin duka. An yi a 1975 zamanin Janar Murtala, aka sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin ɗan lokaci, wasu a rediyo suka ji an kore su, kuma da yawa daga dattawan aikin gwamnati na ganin tun daga nan ne ma'aikaci ya koyi tara na gobe tun yana kan kujera tunda ba ya da tabbas.

TAMBAYA

Kawu barka da war haka. Ni da wata abokiyar aikina a wani ofis a Garki mun kai wata biyu ba ma magana, asalin abun kujera ce mai juyawa da aka kawo guda ɗaya, ni na riga ta shiga aiki ita kuma ta riga ni samun ƙarin girma. Yanzu har fanka in na juyo ta wajena sai ta tashi ta mayar, makullin kabad ma ta ɓoye. Mijina ya ce in kai ƙara sama. In kai?

Daga wata 'yarka a Garki

AMSA

'Yata kar ki kai. Ranar da kika rubuta takarda kan kujera da fanka, fayil ɗinki zai ɗauki wannan har ki yi ritaya, kuma waɗanda za su zauna a kan maganar daɗi za su ji sun samu abun yin mitin.

Ban san ofishinku ba amma na san inda aiki ya yi wa mutane yawa, kamar ɗakin haihuwa ko wurin biyan kuɗi a banki ƙarshen wata, ba kasafai ake samun lokacin faɗan fanka ba. Inda babu aikin da za a auna mutum da shi, girma sai ya koma kan kujera da makulli da hatimi da sunan wa aka sa a jerin masu tafiya taron bita a samu alawus, shi ya sa abun ke zafi haka. Wanda ya kawo kujera ɗaya ɗakin mutum biyu yana can ofishinsa da sanyi, ku kuna nan kuna hararar juna, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

A tsarin aiki wadda ta fi mataki ita ce gaba ko da kin riga ta shigowa, saboda haka bar mata kujerar, ki faɗa mata da bakinki a gaban mutane cewa tata ce. Gobe ki riga ta gaisuwa, ai kin san gaba tsakanin musulmi ba ta wuce kwana uku. Makullin kabad ne kaɗai maganar aiki a cikin duka, shi kam ki ce mata a yanko na biyu, in ta ƙi sai ki gaya wa shugaban sashenku da baki cewa kina buƙatar fayil ba kya samu, kar ki ambaci kujera kar ki ambaci fanka. Sannan ku biyun ku rubuta takarda ɗaya zuwa sito kuna neman ƙarin kujera, ku sa hannu tare. Maigida kuma ki gaishe shi ki ce Kawu ya ce a bar maganar ƙara tukuna.